Baƙin Zare a Jikin Dutse

"Ɗaga ta can, Baba Mai Gilashi, kada ruwan ya zube," in ji 'yar Dogo.

Mai Gilashi ya ɗaga yana nishi. Akwatin kifin nan shi ya yanka gilashinsa shekara shida da suka wuce, yau ga shi yana ciccibarsa daga falo zuwa ɗakin da maƙwabcinsa Dogo ke kwance, don mara lafiyar ya ce yana son ya riƙa ganin shukokinsa.

Suka ajiye shi a kan tebur kusa da taga. Duwatsu uku ne a ciki, kowanne da rami kamar an ƙwaƙule shi da cokali, ganye kore shar ya yi musu rawani, ƙananan kifaye jajaye na shiga suna fita. Mai Gilashi ya duba, abin nan ya sake taso masa. Hassada ce, shi ma ya sani.

Abin haushin, shi ya fara harkar. Shi ya koya wa Dogo, tsohon direban bas, yadda ake huda dutse ya zama tukunyar shuka a cikin ruwa. Dutse iri ɗaya, ruwan famfo ɗaya, amma nasa shukokin ba sa wuce mako uku sai su ruɓe daga gindi. Na Dogo kuwa har masu wucewa kan tsaya su leƙa ta taga. Tuni ya yanke hukunci cewa wani taki ne ake aiko wa mutumin, yana ɓoyewa. Wannan takin yake son sani, ga shi mai sirrin yana neman tafiya da abinsa.

"Ka tambaye shi mana," matarsa kan ce.

"Ni? In tambayi wanda na koya wa?"

"To ai kai ke ba shi takin. Hassada ga mai rabo taki ce."

Dogo ya buɗe ido, ya rame sai tsawon. "Maƙwabci, har yanzu kana cusa musu ƙasa?"

"Shuka ba ƙasa, a ina aka taɓa yi?"

"Na faɗa maka tun bara. Zare kawai."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Mai Gilashi ya ce a ransa, mutum yana wannan hali bai daina yi mini ba'a ba. Yayin da 'yar ke gyara wa mahaifinta matashi, ya matsa wajen kwalaben da ke jere a kan durowa, yana juya su ɗaya bayan ɗaya. Duk magungunan asibiti ne. Da ya waiwayo ya ga Dogo na kallonsa, kunya ta rufe shi, ya ce ana jiransa a shago.

Bai sake komawa gidan Dogo ba. Ranar Laraba da hantsi, yana cikin yankan gilashi, matarsa ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce masa Dogo ya rasu, sai ya ajiye mayankin.

Bayan mako guda 'yar Dogo ta ƙwanƙwasa. "Baba ya ce a ba ka akwatin. Ya ce a haɗa da wannan."

Gwangwanin alewa ne. Ya yi saurin karɓa, don har a cikin jimami bai daina kwaɗayin takin ba. Da ta tafi ya buɗe: dunƙulen baƙin zare da ɗan almakashi, shi ke nan.

Ya naɗe hannun riga ya ciro dutse ɗaya daga ruwan. Babu ƙasa a ramin ko ta ƙwayar gero. Karan shukar mai kauri yana kwance a sarari a bakin ramin, an ɗaure shi da baƙin zare, saiwoyin sun kama dutsen da kansu. Wannan karan ne shi yake turmuƙewa cikin ƙasa shekara shida, har ya shaƙe ya ruɓe. Mutumin nan gaskiya ya gaya masa, sau biyu ma, na biyun da guntun numfashinsa.

Ya ɗauko shukarsa ɗaya da ta rage, ya wanke mata ƙasar a famfo. Yatsunsa masu tabon gilashi suka kasa ƙullin, zaren na ta suɓucewa.

"Kawo in riƙe maka," in ji matarsa.

Ta riƙe dutsen, ya ƙulla. Ta tagarsu ana hango ta Dogo a buɗe, da teburin da ba komai a kansa sai shatin inda akwatin ya zauna.