Mil Biyar a Kufan Bube

Ni Na'Allah, shekara goma sha ɗaya na yi ina helma, wato shugaban leburorin hanya, a ƙarƙashin En'e. Ba a taɓa samun rami a aikina ba.

Shekara biyu bayan dawowar soja daga yaƙin Bama, Gwamnati ta ba En'e kuɗin hanyar mota daga Tambuwal zuwa Kebbe. Da sharaɗi anka bayar. Mota za ta yi mil ashirin a awa tun daga farko har ƙarshe. In ta kasa, a ɗauke aikin a kai wata ƙasa, mutanen Kebbe su ci gaba da kai gyaɗa bisa jakuna. Ba a yarda hakimi ya rage wa mota gudu ko'ina ba, sai inda aiki ya ɓaci. Inda aiki ya ɓaci kuwa, helma za a kora.

Hanyar ta ratsa Kufan Bube. Gari ne da agana ta cinye tun zamanin kakanninmu, na ƙarshensu ba su samu mai kai su kushewa ba. Duk wanda ya iso wurin sai ya sauka daga doki, ya tuɓe takalmi, ya yi sallama, ya ratsa a hankali. Ko makiyayi ba ya kora shanu a nan. Sa'adda munka zuba marmara a wurin, ba lebura ɗaya da ya yi waƙa. Ni na tsaya anka daɓe ta, ta yi ƙarfi kamar faƙo.

Ana gobe gwajin hanya na iske direban Baturen hanya a Tambuwal. Sambo sunansa, tsohon soja, shi ke yi wa Baturen tafinta.

Na ce, "Sambo, in ka kai kufai ka sassauta."

Ya yi dariya. "Baba helma, mi ke ga kufai? Ni da na tuƙa mota dajin Bama, har bisa gawa na bi."

"Waɗancan ba su san ubanka ba. Waɗanga sun san shi."

"To su gaishe shi. Bature na riƙe da agogo, in na ɗaga ƙafa ni ka shan kora."

Washegari na tsaya bakin kufai. Rana na tsaka motar ta taso. Na ɗaga hannu. Sambo ya danna mani ƙaho, sunka wuce da gudu, ƙura ta rufe ni.

Na tuɓe takalmi, na yi sallama, na shiga. Ba tsuntsu, ba iska. Ban yi nisa ba na cim ma motar.

Inji na ruri, ƙafafunta fuɗu na juyawa da ƙarfi, amma tafiyar ba ta fi tawa ba. Tana rausaya dama da hagu. Na duba ƙasa. Tsakanin taya da marmara akwai taƙi guda. Ba abin da ke taɓa ƙasa sai sawu, suna fitowa ɗaya bayan ɗaya a gefe da gefe. Sawun ƙafa ba takalmi, manya da ƙanana. Na ji gunaguni ƙasa-ƙasa, irin na masu ɗaukar makara in sun gaji.

Ban sha gabansu ba. Ba a shan gaban gawa. Na bi baya ina salati. Ta madubi na hango Sambo ya ƙanƙame sitiyari, hawaye na zuba, bakinsa na motsi. Baturen bai ɗaga ido daga agogo ba.

A ɗaya bakin kufai anka sauke motar sannu, gaba tukuna, sannan baya. Inji ya mutu.

Baturen ya fito, ya leƙa ƙarƙashin mota. Ya buga marmarar da dugadugin takalminsa, ko ɓarɓashi ba ta yi ba. Ya daɗe tsugune gaban sawun wani yaro. Sannan ya yi magana, Sambo ya juya mani da Hausa.

"Ya ce lokaci ya wuce, kuma takardar Gwamnati ba ta da gurbin abin ga da munka gani. In ya rubuta aiki lafiya lau, mota ce ta kasa, hanya ta tafi. In ya rubuta aiki ya ɓaci a nan, za a kafa allon rage gudu zuwa mil biyar a awa, sauran hanya ta ci gwaji. Ya ce kai ne helma, kai za ka faɗa gaban hakimi."

Na ce, "Ya gani da idonsa aikina bai ɓaci ba."

"Ya ce ya gani, Baba."

Ran Juma'a anka tara mu a zauren hakimi. Leburorina duk suna nan, waɗanda na sha kora kan kwando ɗaya na marmara. Hakimi ya tambaye ni sau biyu, don na farko ba wanda ya ji muryata.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na ɓata aikin kufai. Ban daɓe shi ba."

Wani lebura ya buɗe baki, na dube shi, ya rufe. Na kwance lambar En'e daga hannun rigata na aje gaban hakimi. A ranar anka naɗa wani helma.

Da kaka motar farko ta fito Kebbe da gyaɗa. Ina gona na ji ta sassauta a bakin kufai. Na ci gaba da yankan gerona.