Farin Zare a Jikin Saiwa

Damina bayan damina tana renon 'ya'yan itatuwan kurmi a cikin leda, suna mutuwa. Su tsiro lafiya lau, su kai tsawon kamu, sai ganyen ya yi rawaya ya zube. Aikinta ke nan a gandun reno, samar da dashen da za a mayar inda aka sare daji. Ta canja taki, ta rage ruwa, ta ƙara inuwa, duk a banza.

Wata rana a cikin kurmi ta tone wani tsiro da ya fito da kansa a gindin wata tsohuwar bishiya, sai ta ga farin zare kamar yanar gizo ya lulluɓe saiwarsa. Da ta duba shi a madubin ɗakin gwaji mai ƙara girman ƙananan abubuwa, ashe dangin naman gwari ne. Shi ke jawo wa bishiya ruwa da abinci daga nesa, ita kuma ta ba shi zaƙin da ganyenta ya haɗa. Ƙasar da take zubawa a leda kuwa gasa ta ake yi don kashe cuta, wutar ta haɗa har da shi.

Ta shiga jigilar ƙasar gindin bishiyar a bokiti, har kafaɗunta suka yi tsami. Dashen bana ya rayu.

Ana haka yayanta, mai aikin yankan katako, ya zo gandun ya zauna a kan buhun taki.

"Ƙanwata, in da sauran abin ɗiba, ki ɗiba. An ba mu ɓangaren kurmin da kike ɗiba mu sare."

"Har tsohuwar, Yaya?"

"Da ita za a fara."

Ta tashi ta shiga tattara buhuna. Ba shi ya yanke hukuncin ba, kuma yana da iyali.

Washegari da safe suka tafi tare, yana haƙa tana cika buhu.

"Wasu zinariya suke kwashewa, ke ƙasa," in ji shi.

"Rufe ta da ganye, Yaya. In rana ta taɓa zaren, ya mutu."

Da la'asar tana durƙushe tana raba ƙasar a ledoji, bayanta kamar ya tsinke, ta jiyo kukan zarto daga nesa. Ya daɗe yana yi. Can sai ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin gwiwarta.

Ta dubi ledojin da suka rage, ta dubi buhu na ƙarshe. Ba zai isa ba. Ta koma zuba rabin tafi a kowace leda.