Injin da Ya Zo a Kwance

"Kada ki jona shi."

Auta ta tsaya da filogi a hannu, saura ƙiris ta kai shi soket. Muryar mahaifinta ce daga gado, a dushe take, amma ta tsayar da ita cak. Mai ɗinki, wadda ke zaune gefen taga tana kalmasa bakin wata riga, ta ɗaga kai ta dubi maƙwabcin nata. Tun safe bai ce uffan ba har ta fara tsorata, ashe yana nan yana bin komai da wutsiyar ido.

"Baba, injin ƙanƙara ne fa," in ji Auta. "Don kai na taho da shi. Mai shagon ya ce kafin a tafasa ruwan shayi ya fara zubo ta."

"A kwance ya zo."

"Na'am?"

"Na ga direba ya shigo da kwalin a kaikaice, ƙarƙashin hammata. A but ɗin mota ma kwantar da shi kika yi. Ko ƙarya nake?"

Ba ƙarya yake ba. Injin yana zaune a kan teburin da ke gefen gado, fari fat, bai fi tukunyar miya girma ba.

Duk layin da sunan Mai Firji suka san shi. Ya yi rayuwarsa yana gyaran abin sanyi, har ƙarfinsa ya ƙare ya rufe shago. Bango ɗaya ne tsakaninsa da mai ɗinki, bangon kuma ba shi da sirri, saboda haka babu wata doka ta sana'arsa da ba ta haddace ba. Babbar cikinsu ita ce wannan: abin sanyin da aka kwantar ba a kunna shi sai ya tsaya da ƙafafunsa ya huta. Cikin kwampuresa akwai mai, in aka kwantar da injin sai man ya gangara cikin bututun gas. In aka kunna kafin ya koma mazauninsa, kwampuresa za ta tashi a bushe ta ci kanta. Ya taɓa ce mata, "Ke za ki taka kekenki ba mai?" Ta ce ita dai ba ta tambaye shi ba.

"To sai yaushe?" in ji Auta.

Ya ɗaga yatsa ya nuna kusurwar ɗaki, inda tsohon firjinsa yake. Mutumin da ya sanyaya wa unguwa guda ruwa, nasa firjin ya daɗe da zama kabad ɗin sifana da filaya.

"In rana ta taɓa ƙofar wancan."

Mai ɗinki ta san ɗakin kamar nata. Rana ba ta kaiwa wannan ƙofar sai ta yi sanyi, yanzu kuwa ko hantsi bai gama ɗagawa ba. Ciwon Mai Firji a maƙogwaro yake. Ma'aikaciyar jinya ta hana shi ruwa a kofi saboda yana shaƙe shi, sai dai ƙanƙara ƙanana da zai tsotsa a hankali. Kwanakin nan ita ke kawo ta daga firjinta, ta naɗe a tsumma ta farfasa da gindin almakashi. Amma ƙanƙarar firji tauri gare ta, in ta fashe sai ta yi kaifi, jiya har ta fasa masa dasashi ya daina karɓa. Leɓensa duk ya tsattsage. Jiyan ne kuma ma'aikaciyar ta ja ta bakin ƙofa ta ce a kira 'yarsa, kada a jira ƙarshen mako.

"Malam," in ji mai ɗinki, "yau ɗaya dai a yi wa dokar nan afuwa. In ya lalace ya lalace. Ƙarfe ne."

"Ke da ƙanƙararki mai warin albasa."

"Warin albasar kake sha kana godiya."

"Ban taɓa godiya ba." Ya numfasa. "Auta, miƙa mata wayar injin. Ke ban yarda da ke ba, uwarki kika biyo wajen gaggawa. Maƙwabciya, riƙe mini wannan."

Haka filogin ya koma cinyar mai ɗinki, a kan rigar da take kalmasawa. An ce wanzami ba ya son jarfa, amma wannan wanzamin ya miƙa fuskarsa da kansa. Shekara da shekaru yana sa masu shagon sanyi su kwana suna kallon kayansu na narkewa saboda dokar nan, yau ta biyo ta kansa, bai kuma nemi a ɗaga masa ƙafa ba. Abin ya ba ta haushi, ya kuma ba ta tausayi, ta rasa wanda ya fi.

Rana ta shigo ta taga ta kwanta a ƙasa, ta fara rarrafe kamar ba za ta je ko'ina ba. Auta ta jiƙa auduga tana goga masa a leɓe. Ta gyara filo, ta share ɗakin da ba ya buƙatar shara, ta fita ta dawo. Mai ɗinki ta gama bakin rigar, ta duba ta ga ya karkace, ta warware ta sake. A waje wani yana ta fama da mota ta ƙi tashi.

Da rana ta take, barci ya ɗauke shi. Numfashinsa ya sauya, yana ja ya tsaya, sai an ƙagu sannan ya sake ja. Auta ta durƙusa kusa da kujerar, ta yi ƙasa da murya.

"Inna, don Allah ba ni. Barci yake, ba zai sani ba."

"Shi? Mutumin da ta bango yake gaya mini firjina ya kusa shan gas? Ko a kabari aka kunna kwampuresa sai ya ji."

Kalmar ta kuɓuce mata ne, ta so a ce ta haɗiye ta. Idon Auta ya ciko.

"In bai kai ba fa, Inna? In na kawo masa abu tun daga can, ya tafi bakinsa a bushe, abin yana zaune kusa da kansa?"

Tambayar da mai ɗinki take yi wa kanta ke nan tun safe. Ta dubi hasken, ya kai ƙafar gado, da sauran tafiya. Ta dubi leɓen mutumin da suka shekara suna faɗa a kan kwata da igiyar shanya, wanda ranar da mijinta ya rasu shi ya fara buga mata ƙofa. Ta miƙe da filogin a hannu, ta taka zuwa soket.

"Maƙwabciya."

Bai ko buɗe ido ba.

"Ƙafata ce ta yi tsami," ta ce.

"To miƙe ta ki koma. Ba inda za ni." Ya haɗiyi abin da babu. "Ban taɓa kashe inji da hannuna ba. Kada ki sa in fara yau."

Ta koma ta zauna. Ba ta sake ɗaukar allura ba, ta riƙe filogin da hannu biyu har ya yi ɗumi.

Hasken ya hau kan tayil, ya wuce takalmansa, ya tsaya a gindin tsohon firjin kamar mai neman izini. Da ya lashi ƙasan ƙofar, su biyun suka dube shi a tare. Idonsa a buɗe yake, ashe shi ma can yake kallo.

"Zuba ruwa," ya ce. "Kada ki wuce layin."

Auta ta zuba. Mai ɗinki ta jona. Fanka ta fara juyawa, sannan wani gunji mai laushi ya taso daga cikin injin ya daidaita. Mai Firji ya karkata kai yana saurare, fuskarsa ta saki.

"Kun ji? Lafiya lau. Man ya koma gida."

Ya sa aka matso da teburin har ya iya leƙa murfin. A ciki wasu yatsun ƙarfe ne jere, sun nutsa cikin ɗan tiren ruwa.

"Auta, sa hannunki a gefe, inda iska ke fita. Me kika ji?"

"Zafi, Baba."

"Zafin ruwan nan ne. Ba wanda ke yin sanyi, 'yar nan. Zafi ake kwashewa a kai wani wuri." Ya huta, suka jira shi. "Gas yana bi ta cikin yatsun, ya sha zafin ruwan. Kwampuresa ta matse shi, fanka ta hure zafin waje, ya sake komawa. Aikin ke nan, tun ina saurayi."

Mai ɗinki ta sha jin wannan karatu ta bango, yana yi wa masu kawo gyara, ba ta taɓa tsayawa ta kalla ba. Yanzu ta ga yatsun sun yi fari, wata fatar ƙanƙara ta fara rufe su tana kauri, kowane yatsa da hularsa. Can tiren ya juya ya zubar da sauran ruwan, ƙanƙarar ta rage a rataye. Injin ya yi wani ɗan huci.

"Ya lalace?" in ji Auta.

"A'a. Gas mai ɗumi ya tura cikin yatsun. In ba ɗumi ba za ta sake su ba."

Sai ga su sun zubo cikin kwando, ƙwal ƙwal ƙwal, ƙanana, masu rami a tsakiya. Auta ta kai hannu.

"Na farko zubarwa ake," ya ce. "Sabon inji ne, sai ya wanke cikinsa."

"Wannan kuma ka gaya wa wani," in ji mai ɗinki. "Na bi ɗaya, ta ishe ka."

Ta ɗauki guda da cokali. Da ta danna ta da yatsa sai ta ruguje ba gardama, ba kaifi ko kaɗan. Ta tallafo kansa ta sa masa a baki. Ya rufe ido. Suka ga maƙogwaronsa ya motsa a hankali, bai yi tari ba.

"Ɗanɗanon roba," ya ce.

"Tofar mana."

"Ƙaro."

Ya sha uku ko huɗu, Auta ce ta ba shi sauran. Leɓensa ya jiƙe har yana sheƙi. Ya ce a bar injin a kunne, yana son jin sa. Ya riƙe hannun 'yarsa, ya yi salati a hankali, ya koma barci. Kafin hasken ya bar ƙofar tsohon firjin numfashin ya ja ya tsaya, suka jira, bai sake ja ba. Mai ɗinki ta shafa idanunsa ta rufe. Suna cikin kuka injin ya yi ɗan hucinsa, ƙanƙara ta sake zubowa.

Kwanakin da mutane suka yi ta shigowa gaisuwa ba wanda ya kashe shi. Wadda ba a ɗiba ba takan narke ta tsiyaye ƙasa, injin ya sake ɗaukar ruwan ya mayar ƙanƙara. Masu shagon sanyi da ya taɓa sa su kwana jira duk sun zo, kowa ya sha ruwa da ita.

Ranar da Auta za ta koma, mai ɗinki ta tsiyaye injin, ta goge shi, ta naɗe wayar. Direban nan ne dai ya zo. Ya buɗe but, ya karɓi kwalin ya fara karkata shi don ya shiga tsakanin jakunkuna.

"Kai!" suka ce a tare.

Ya tsaya yana dubansu, bai san laifinsa ba. Auta ta karɓe kwalin ta shiga baya ta zauna, ta ɗora shi a cinya, ta zagaye shi da hannu biyu. Mai ɗinki ta rufe mata ƙofa. Motar ta bi layin a hankali tana kauce wa ramuka, ta gilashin baya kuma ana hango kan Auta da saman kwalin, a tsaye, har suka sha kwana.