Ganga Tsirara

"Ba zan shafa mata fenti ba," in ji Don Heber, mai haɗa ganguna. "Je ka kai ƙarata wurin 'yan sanda."

"Tsoho, bikin kiɗan ganguna ya matso!" Yamandú ya daki cikin gangar da tafin hannu. "Kowa a ƙungiyarmu tasa ja ce, tana sheƙi. Ni kaɗai zan fito titi da ganga tsirara?"

"Kai ma tsirara aka haife ka, ba a mayar da kai ba."

Doña Zulma, matar tsohon, ta kwashe da dariya daga kicin. Yamandú bai yi ba.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu a unguwar Barrio Sur. Yamandú ne ke kaɗa babbar ganga mai kaurin murya, wadda sauran ke jingina da ita. Tasa ta tsage bara. Wilmar, shugaban ƙungiya, ya faɗa ƙarara: wanda gangarsa ba ta sa launin ƙungiya ba, ya tsaya gefen titi ya yi tafi. Sabuwar kuwa ga ta, Don Heber ya haɗa katakon, ya goge, ya ɗaura fata. Fenti kawai ya rage.

Tsohon ya kafa kunne a jikinta, ya ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa.

"Ji. Da sauran ruwa a cikinta. Ka rufe ta da fenti yau, ta shaƙe, ta ruɓe daga ciki. Ran da ta bushe, ita za ta faɗa."

"Ni ban ji komai ba."

"Makaɗi ne kai, ko mai dukan jaki?"

Tari ya sarƙe tsohon, har ya dafa bango. Yamandú ya gani, amma fushi ya hana shi tsayawa. Ya fice, ya bugo ƙofa.

Ya daina gaishe shi. Sai dai kowace safiya yana ji ta katanga: ƙwan, ƙwan, shiru, sannan tari. Yakan ja tsaki ya juya kwanciya.

Wata safiya ya ji ƙwanƙwasawar, bai ji tarin ba. Yana sa riga Doña Zulma ta leƙo.

"Ɗana, zo ka kama mini shi."

Suka same shi zaune a benci, ya jingina kai da gangar, rai ya yi halinsa. Ƙoƙon mate, shayin ganyen da yake sha, ya huce a ƙasa. Kusa da ƙafarsa gwangwanin jan fenti, an ɓalle murfin. Buroshi a cinyarsa, bai ko tsoma ba.

Da aka dawo daga maƙabarta, makaɗan unguwa suka fito kamar yadda aka saba. Aka tara tsoffin jaridu da guntayen katako a bakin titi, aka hura wuta, aka kwantar da ganguna kewaye da ita don fatar ta ɗame. Kusan duk aikin Don Heber ne: ja, shuɗi, kore. Ta Yamandú kaɗai fara fat.

Wilmar ya dafa kafaɗarsa. "Kawo ta gobe in shafa maka. Ai shi da kansa ya buɗe gwangwanin."

Yamandú ya durƙusa. Ya kafa kunne daidai inda kan tsohon ya jingina, ya ƙwanƙwasa. Ya sake. Katako dai, kamar kowane katako.

Ya ɗaga kai ya dubi Doña Zulma tana tsaye bakin ƙofa, ƙoƙon maten mijinta a hannu. Ya dubi Wilmar. Jarida ɗaya ta kama da wuta, tokarta ta tashi ta sauka a kan farar gangar.

"Bushewa ta yi ya buɗe gwangwanin," in ji Yamandú, "ko don na daina gaishe shi ne?"