Bappa Jalo a Gidan Iska

Shekara ashirin da bakwai Malam Jalo ya yi yana shugabantar makarantun sakandare, har ya yi ritaya ba ɗalibin da ya taɓa ganin haƙorinsa. A unguwarsu ta Bako, in ya fito da babbar riga, masu ƙwallo a layi sai sun dakata ya wuce.

Washegarin ƙaramar Sallah ta 2017, 'ya'yan ƙanensa, Umair mai shekara shida da Nahla mai huɗu, suka tsare shi a bakin ƙofa. Tun da aka fara tashin bama-bamai a Jimeta ba wanda ya kai su cikin taro, ko kasuwa. Yanzu gari ya lafa, babansu kuma yana aiki a Mubi.

"Bappa, kowa ya je wurin wasa sai mu," in ji Umair.

Hajja, matarsa, ta ce, "Kai su mana. Wurin ba ya cizo."

Haka suka hau keke napep zuwa Jimeta. A ƙofa aka laluba su da na'ura, har cikin hular Bappa. Ya samu benci ya zauna, yana kallon lilo da masu hawansa kallon da yake yi wa ɗalibai masu makara. Yaran kuwa suka faɗa wani ƙaton gidan roba da janareta ke hura wa iska, suna ta tsalle.

Da lokaci ya cika duk yara suka fito, ban da Nahla. Ta koma can ƙurya ta zauna.

"Nahla, fito."

"Zo ka ɗauke ni."

Ya yi mata muryar da ke girgiza ɗalibai ɗari takwas. Ta yi masa gwalo.

Cyprian, mai kula da wurin, ya ce, "Baba, yarinyan nan ba zai fito ba. Sai dai ka shiga. Amma cire takalmi."

Bappa ya cire. Takun farko, ƙafarsa ta lume. Na biyu, ƙasa ta mayar masa da ita da ƙarfi. Sai ga shi a rigingine, riga ta lulluɓe masa fuska. Yana yunƙurawa Umair ya dawo ya daka tsalle kusa da shi, ya sake kifewa. Sauran yara da suka ga babba a ciki suka rugo kamar an tashi makaranta.

"Ku tsaya! Na ce kowa ya tsaya!"

Nan fa suka ƙara ƙaimi.

Ana cikin haka janareta ya yi wata ƙara, tau! ya mutu. A waje mutane suka zaci bam ne, suka watse: mai tsire ya bar tsirensa, wata mata ta sungumi ɗan da ba nata ba. A ciki kuwa bango ya fara lanƙwasowa. Sauran yara suka sulale suka fice, Bappa bai san janareta ne ba. Ya jawo Umair da Nahla ya danne su ƙarƙashinsa, ya rufa musu riga, yana salati, rufin roba na sauka a bayansa. Sai ya ji Nahla na ƙyalƙyala dariya a hammatarsa.

"Bappa, sake!"

Can ya ji an kama ƙafafunsa ana ja. Ya fito rub da ciki, ba hula, yara biyu maƙale da shi, jama'a sun dawo sun kewaye su suna borin kunya. Cyprian ne riƙe da ƙafa ɗaya. Ɗayar kuma wata mata ce mai goyo, wadda ta dubi fuskarsa ta zaro ido.

"Firinsifal!"

Ta durƙusa tana gaisuwa, ƙafar tana hannunta.

Bappa ya dube ta daga inda yake kwance. "Fidelia, aji uku B."

"Ni ce, sa!"

"Sakar min ƙafa."

A gida, tun kafin ya zauna Umair ya ba Hajja labari kaf, har da kwaikwayon faɗuwar. Hajja ta yi dariya har ta dafa bango, ta share hawaye da gefen mayafi.

"Asabar mai zuwa da ni za a je," ta ce. "Ba a ba ni labarin irin wannan, da idona zan gani."

Bappa ya dafe ƙugu, ya nufi ɗaki yana ɗingishi.

"Hajja, ina man zafin nan?"