Zafin Tandar Hansai

A shekara ta uku bayan samun mulkin kai, duk wanda ya ci kasuwar Dayi ya san Dogo maƙeri, ko bai gan shi ba ya ji muryarsa. Bamaguje ne daga wata unguwa a bayan gari, ya gaji ƙira iyaye da kakanni, kuma ya iya, wannan ba a musu. Abin da ke damun mutane da shi bakinsa. Bai taɓa ganin ƙarfe ya ce bari in duba ba, sai dai ya ce kawo.

Wata ranar kasuwa da hantsi aka ji wata ƙara daga hanyar Malumfashi, har jakunan 'yan hatsi suka fara fizgar igiya. Can sai ga Malam Abdussamad, malamin gona na En'e, bisa ɗan babur ɗinsa mai ƙananan ƙafafu, irin wanda ake zama a kai kamar kujera. Salansar babur ɗin, wato bututun hayaƙi, tana ja a ƙasa, an ɗaure ta da igiyar rama. Notin da ke riƙe ta a jikin murfin inji ne ya karye, guntunsa ya rage a ciki, ɗan kansa kawai ya leƙo. Ruwan damina biyu ya shiga ya yi tsatsa.

Mati mai gyaran keke aka fara kai wa. Ya kwance murfin, ya juya shi sama da ƙasa, ya cije leɓe.

"Malam, wannan sai Funtua. In ma ba su ce sai Zariya ba."

"Gobe da safe nake da rabon irin auduga a Kafur," in ji Malam Abdussamad. "Kuma murfin ga ba a samun irinsa nan kusa, kada ka ɓata mani shi."

Dogo yana rumfarsa yana jin su. Ai kuwa ya taso, masaba a hannu.

"Wane irin Funtua? Ƙarfe ne ko ba ƙarfe ba? Ku kawo!"

Wani ɗan tireda ya ce, cikin tsokana, wannan ƙarfen Turawa ne, ba fartanya ba. Nan fa aka taɓo shi. Dogo ya koma ya dafa uwar maƙera da hannun dama, ya ɗaga murya yadda har 'yan kaji za su ji.

"In ban fidda guntun ga kafin kasuwa ta tashi ba, ko na ɓata murfin ga, na ajiye masaba ke nan har in mutu!"

Kowa ya san a gidansu Dogo ba a dafa uwar maƙera a yi magana biyu. Shi kansa sai da maganar ta fita ya ji nauyinta, amma ya shanye, ya karɓi murfin.

Da farko abin ya so ya ba shi dariya, don murfin ba nauyi, fari fat. Ya sa magagari ya goge gefe biyu na ɗan guntun ya yi masa kafaɗa, ya damƙe da awartaki, ya murɗa. Ko gezau. Ya sake, har jijiyar wuyansa ta tashi. Awartaki ya zame ya ɗebe masa fatar yatsa, ya tsotse ya ce wannan gaisuwa ce kawai suka yi.

To, maƙeri in ƙarfe ya yi masa taurin kai abu ɗaya ya sani. Ya ƙara gawayi, ya zauna ga zuga-zugi da kansa.

"Bari ya ji wuta," ya gaya wa 'yan kallo. "In ya yi ja kamar gauta, da yatsa ma sai in juya shi."

Rumfa biyu tsakaninsa da matarsa Hansai, wadda ke suyar waina duk ranar kasuwa. Shekara goma sha tara suna tare, ba ta taɓa sa baki a aikin maƙera ba, shi ma bai taɓa tambayarta yadda ake kwaɓa ƙullu ba. Yana ɗora murfin a kan garwashi sai ga ta tsaye a kansa, ludayi a hannu.

"Maigida, ɗauke shi."

Dogo ya ɗago. Mutane suka fara murmushi.

"Ke Hansai, mi ya kawo ki nan?"

"Sanholo ne, ba baƙin ƙarfe ba. Irin tukunyata da ka sayo mani Funtua."

"To, sai mi?"

"Ka manta yadda ta ƙare? Na bar ta ba ruwa na bi awaki. Ba ta yi ja ba, Maigida. Tana fara sol, ina kallonta, gindinta ya zube cikin murhu. Shi ba ya faɗa maka ya ji wuta."

Wani ya ce, "A'a, yau Dogo ya samu malama!" Aka tuntsire da dariya.

Kunya ta kama Dogo, da fushi kuma. Ransa ya so ya ce ta koma ga tandarta. Amma ya tuna tukunyar, don shi ya tsince ta daga toka, ya yi ta mamaki yadda ƙarfe zai narke bai canza launi ba. Duk saninsa na wuta da ido ne: ja, ja sosai, ruwan ɗorawa, fari. Ga shi an kawo masa ƙarfen da ba ya nuna komai. Tsoro ya shige shi na gaske. Ya sa awartaki ya janye murfin daga garwashi.

Sannan ya ce, ba da ƙarfi ba, "To, in bai yi ja ba, da mi zan gane?"

"Zafin tanda ya ishe shi. Ba ni wuri."

Ta tsuguna gefensa. Ta sa ya baje garwashin ya daina zugi, ya riƙe murfin sama kaɗan, daidai wajen da guntun yake. Ta tsoma yatsu a ƙwaryar ruwa ta yarfa. Ɗigon ya kwanta yana tsuwa.

"Da saura."

Jim kaɗan ta sake yarfawa. Wannan karon ɗigon ya dunƙule ya yi ta rawa a kan ƙarfen.

"Yanzu. Ɗauke."

Ta tsiyaya man gyaɗa daga ludayinta a gindin guntun, man ya bi haƙoran notin ya shige yana ɗan hayaƙi. Dogo ya ƙwanƙwasa kan guntun da ƙaramar masaba, ya damƙe ya murɗa. Bai motsa ba. Suka bari ya huce, suka maimaita. A karo na uku aka ji wani ɗan ƙif. Dogo ya tsaya, ya mayar da shi baya kaɗan, ya sake kawo shi gaba, yana lallaɓawa, abin da ba a taɓa ganin ya yi wa ƙarfe ba. Guntun ya fito a hankali, baƙi ƙirin, haƙoran cikin murfin lafiya lau.

Kasuwa ta ɗauki sowa. Mati ya zazzage gwangwaninsa ya samo wani noti da ya hau, ya mayar da murfi, ya ɗaure salansa. Malam Abdussamad ya taka babur ya tashi da 'yar muryarsa ta da, ya yi ta godiya, ya kama hanya tun rana ba ta yi sanyi ba.

Nan take aka fara cewa ai asirin wuta ne na gidansu Dogo. Ya ce ba wani asiri, Hansai ce. Suka ce haka masu asiri ke faɗa. Ya rantse, suka ƙara yarda da nasu zancen, har ya gaji ya ƙyale su.

Da kasuwa ta watse ya je rumfarta don su tafi gida. Ya tarar tana kankare tanda da wuƙa, kowane gurbi da baƙin gawayi a ciki, ga sauran ƙullu kusan rabin ƙwarya ya yi tsami a rana.

"Duk wannan?" in ji shi.

Ba ta ɗago ba. "Da ya narke, da gaske za ka ajiye masabar?"

"Na dafa uwar maƙera, Hansai."

"Na gani. Ina cikin zuba waina na hango ka ka ɗora shi a wuta, ban tsaya kwashewa ba."

Dogo ya sake duban tandar. Ya ajiye buhun kayan ƙirarsa, ya tsuguna, ya karɓi wuƙar daga hannunta ya ci gaba da kankarewa.