Ƙararrawar da Ta Ɓace a Lasifikar Hagu

Injiniya na durƙushe a bayan kantar falo yana laluben wayoyi, sai matarsa ta shigo da tiren shayi.

"Baban yara, ɓera kake nema?"

"Malama, don Allah kar ki taka min waya."

Ta tsallake ta ajiye tiren. A kan kantar akwai wasu akwatuna guda biyu, ɗaya baƙi, ɗaya ruwan azurfa. Aikinsu ɗaya ne: su karɓi waƙa daga kwamfuta su mayar da ita sautin da zai fita ta lasifika. Mai shagon kayan sauti ne ya ba shi aronsu don ya gwada ya zaɓa, da sharaɗin ya ba da amsa kafin a rufe shago yau. Kowannensu tsadarsa ta isa a sayi tsohuwar mota, shi ya sa Injiniya ke ɗaukarsu kamar jarirai.

Duk wannan wahala kuwa a kan ’yar ƙararrawa ce. Akwai wata tsohuwar waƙa da yake ji tun suna ango da amarya. A tsakiyarta, idan mawaƙiyar ta ja numfashi, sai wata siririyar ƙararrawa ta kaɗa daga lasifikar hagu. Tun bara ta ɓace masa. Ya canza wayoyi, ya matsar da kujera, ya sa an cire labule, har agogon bango sai da ya sha kora. Daga ƙarshe ya yanke hukunci cewa tsohon akwatinsa ne ke cinye ta. Abin na damunsa ƙwarai, don mutum ne da ya yarda da kunnensa fiye da yadda ya yarda da likita.

Ya miƙe yana dafe da ƙugu. "Zo ki taimaka min. Zan rufe ido, ke kuma ki riƙa sauya wayar nan. Kar ki faɗa min wanne kika sa."

Ya zauna a kujerarsa da ya yi wa alama a ƙasa da salatif, ya yafa tawul a ka. Malama, wadda ta yi shekaru tana fama da ’yan aji uku, ta ga wannan ma ba zai gagare ta ba. Ta sa na farko.

"Wannan muryarsa da ɗumi," in ji shi daga cikin tawul. "Amma ganga ta yi kitse."

"Ganga ma tana kitse? To Allah ya ba ta lafiya."

Ta sa na biyu. Ya karkata kai, ya ce wannan ya fi tsabta, sai dai akwai ɗan sanyi a goge. Ta ce ko a kawo masa bargo. Bai yi dariya ba, don wurin ya zo: mawaƙiyar ta ja numfashi, shi kuma bai ji komai ba.

Ya yaye tawul. "Babu! Duk biyun babu! Mai shagon nan ya cuce ni da surutu."

"Ƙararrawar? Ai ta kaɗa."

"A wanne?"

"Duka. Ko daga kicin ina jin ta. A tsohon naka ma tana nan."

Ransa ya ɓaci. Ya mayar da waƙar baya, ya tashi ya juya wa lasifikokin baya don ya fuskance ta, ya ɗaga yatsa zai yi mata bayanin yadda mutum ke jin abin da ya saba ji ko da babu shi. Bai kai ga buɗe baki ba, mawaƙiyar ta ja numfashi.

Tin. Siririya, tsaf, kamar ba ta taɓa zuwa ko'ina ba.

Yatsan ya tsaya a sama. Ya sake mayarwa ya fuskanci lasifikokin: shiru. Ya juya baya, lasifikar hagu ta koma saitin kunnensa na dama: ga ta nan. Ya toshe kunnen daman da tafin hannu, sai falon gaba ɗaya ya yi masa nisa. Tsoro ya kama shi, da kunya.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun lokacin da na dawo damanka a teburin cin abinci. Da gado. Da in muna tafiya a titi."

"Na zaci taga kike so."

"Wace taga ce a titi, Baban yara?"

Ya zauna a hannun kujera, ya daɗe yana kallon akwatunan nan biyu masu sheƙi. Sannan ya jawo kwalayensu ya fara naɗe wayoyi a hankali.

"In mun mayar masa da kayansa," ya ce ba tare da ya ɗago ba, "asibitin kunnen nan da kike ta zance, a hanya yake?"

"A hanya yake."

Ta zo ta hagunsa, ta sunkuya daidai kunnen, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ni dai ko a haka ina son abina, tsoho."

"Me kika ce?"

Ta zagayo ta dama.

"Cewa na yi shayinka ya huce."